Gargaɗi Ga Kafintoci Game Da Gyaran Katako Kafin Shafa Launi

Akwai wata magana da ta yaɗu a rumfunan kafintoci, wadda na gaji da jinta, wai ba lalle ba ne a goge katako kafin a shafa masa ruwan launi, domin wai launin da kansa zai rufe kowane aibi. Wannan zance ba shi da asali, kuma galibin masu faɗinsa ba jahilci ke damunsu ba, illa ƙyuya da gaggawar karɓar kuɗin mutane.

Fenti shi ne ke kwanciya bisa katako ya lulluɓe shi, amma ruwan launin nan da ake shafawa kafin banish, don zanen jikin itace ya fito, ratsawa yake yi cikin ƙananan ƙofofin katakon. Saboda haka duk inda zarto ya bar kaushi sai ya sha fiye da kima ya yi baƙi, duk inda gam ya ɗiga ya bushe, ko maiƙon hannu ya taɓa, sai ya ƙi sha sam, har ƙofar maɗaci mai tsada ta fito dabbare-dabbare. Ashe launi ba ya suturta aibi, tona asirinsa yake yi. Ko marinan Ƙofar Mata ba sa tsoma ƙyalle mai dauɗa cikin baba.

To, sharaɗi na farko shi ne katako ya bushe sarai, gama wanda aka yi aiki da shi ɗanye da damina, hunturu na zuwa zai tsattsage. Sa'an nan a kankare gam da tsohon banish, a fara guga da samfefa mai kaushi, lamba 80, a bi da 120, a gama da 180, kullum ana bin tsawon zanen itacen, kada a gitta shi, domin ƙarzunan gicciye su ne launi ke fara nunawa. Bakin yanka, da yake ya fi shan launi, a ƙara masa da 220. A share ƙura tsaf, a jarraba launin a jikin guntun da ya rage, kana a shafa, a goge rarar da tsumma kafin ta bushe.

Ya kai kafinta, ka ji tsoron Allah, aikin da aka biya ka amana ce, kuma tsallake guga algus ne ko da mai kaya bai gane ba. Kai kuma mai kaya, ka bar matsa wa ma'aikaci lamba, ka nemi a nuna maka katakon ka shafa shi da hannunka tun launi bai hau ba.