Gadoji Takwas, Hanya Ta Ƙi Rufuwa

A ce malamin lissafi a Jami'ar Hartum ya shimfiɗa taswirar birnin ta kafin yaƙin 2023, ya zagaye gadoji takwas. Biyu tsakanin Hartum da Umdurman: ta Farin Nilu da ta Fitihab. Uku tsakanin Hartum da Bahri: ta Shuɗin Nilu, ta Mak Nimir da ta Kobar. Biyu tsakanin Umdurman da Bahri: Shambat da Halfaya. Sai guda ɗaya mai shiga tsibirin Tuti daga Hartum. Ya ce wa ɗalibai: ku tashi daga jami'a, ku haye kowace gada sau ɗaya tak, ku dawo.

Kowa ya ja fensir, kowa ya maƙale. Wani ya tsinci kansa a Tuti babu mafita, wani ya ƙare a Bahri. Laifin wa?

Tuti ce ta fara tona asiri. Ƙofarta ɗaya ce, wanda ya shiga ta nan zai fito. Sai aka koma ƙirgen cika da mara, kamar yadda masanin lissafi Euler ya yi wa gadoji bakwai na Konigsbag a 1736. Duk gaɓar da za ka shiga ka fita, dole gadojinta su zama cika. Hartum na da shida, Umdurman huɗu, Bahri biyar, Tuti ɗaya. Mara biyu ke nan. Ashe komawa gida ba ta yiwuwa ko da an kwana ana zane. Abin da zai yiwu shi ne a tashi daga Tuti a sauka a Bahri: gadar Tuti, Farin Nilu, Fitihab, Shuɗin Nilu, Shambat, Halfaya, Kobar, Mak Nimir.

To, idan dole sai an dawo fa? Tambaya ta zama: waɗanne gadoji za a maimaita tafiya ta fi gajarta? Wannan ita ce matsalar ɗan aiken gidan waya, wadda Guan Meigu na ƙasar Sin ya gabatar a farkon shekarun 1960. Kowace gada a ba ta sifili ko ɗaya: a bar ta, ko a maimaita ta. Babu rabi, don ba a haye rabin gada. Sharaɗi shi ne kowace gaɓa ta koma cika. Idan ƙetarawa ake ƙirgawa, a maimaita ta Tuti da guda cikin ukun Bahri. Ƙetarawa goma, an dawo jami'a.

A Nuwamban 2023 gadar Shambat ta karye cikin yaƙi. Goge ta daga taswirar: Bahri ta koma huɗu, Umdurman uku. Yanzu mai tashi daga Tuti a Umdurman zai sauka.