Ranar Ɗigo da 'Yan'uwanta: Dabarar Malaman Amurka Idan An Koma Makaranta

Duk malamin da ya taɓa karɓar aji bayan dogon hutu ya san abin da makon farko ke zuwa da shi. Yaron da ya tafi gida yana rera jadawalin sau bakwai kamar karatun sallah, sai ya dawo yana kame-kame a sau uku. Wata ta manta inda ta jefar da littafinta, wani jikinsa ne kawai a kan benci, hankalinsa yana filin ƙwallo. Ga kuma sababbin fuskoki waɗanda malam bai ma riƙe sunayensu ba. Idan aka ce a buɗe shafi na ɗaya a fara darasi kai tsaye, rabin ajin hamma zai yi.

Malaman firamare na Amurka suna fama da wannan matsala, kuma hutunsu ya fi namu tsawo: daga watan Yuni har zuwa Agusta, kusan mako goma. A jihohin kudu ana komawa tun farkon Agusta, ana tsakiyar zafi. A wurare irin su birnin New York kuwa sai bayan Ranar Ma'aikata, wadda ke faɗowa Litinin ta farko a watan Satumba, ba 1 ga Mayu irin tamu ba. Ɗaya daga cikin dabarun da suka samo ita ce amfani da wasu ƙananan ranakun biki da suka cika kalandar Agusta da Satumba. Ba ranakun hutu ba ne, ana zuwa makaranta kamar kullum. Sai dai malam ya shigo aji ya ce yau ranar kaza ce, ya rataya darasin ranar a jikinta.

Ranakun nan ba uwa ɗaya ta haife su ba. Akwai waɗanda doka ta kafa, akwai na Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai waɗanda wasu mutane suka ƙirƙira don raha, akwai kuma na 'yan kasuwa. Tun 1957 wasu 'yan'uwa biyu masu suna Chase suka fara buga littafin da ke tattara irin waɗannan ranaku shekara-shekara, yanzu kuwa intanet ya sa babu wata rana a shekara da ba a laƙaba mata suna uku ko huɗu ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce Ranar Ɗigo, 15 ga Satumba. Asalinta wani ɗan ƙaramin littafin yara ne mai suna The Dot, wanda Peter Reynolds ya rubuta ya kuma zana, aka buga a 2003. Labarin wata yarinya ce, Vashti, wadda ta zauna ta tasa farar takarda a gaba ta ce ita ba ta iya zane ba. Malamarta ba ta yi mata faɗa ba, ta lallashe ta ta yi ko da alama ɗaya ce. Cikin fushi yarinyar ta caka alƙalami ta yi ɗigo. Malamar ta sa ta rubuta sunanta a ƙasa, daga baya ta sa takardar a firam ta rataye. Ganin haka sai yarinyar ta ce ai za ta iya ɗigon da ya fi wannan, daga nan hannunta ya saki. A 2009 wani malami a jihar Iowa, Terry Shay, ya karanta wa ɗalibansa littafin ya sa kowa ya yi nasa ɗigon. Daga aji guda abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Abin da ake yi a ranar ba shi da wuya. Kowane yaro a ba shi takarda, ya fara da ɗigo ɗaya, ya mai da shi duk abin da ya ga dama: idon kifi, tayar mota, rana, ƙwayar gero. Ya sa hannu a ƙasa. A manna duka a bango, babu maki, babu na ɗaya babu na ƙarshe. Wani malamin yakan sa a yi musanya, wannan ya fara, na kusa da shi ya ƙarasa, ta haka yaran da ba su san juna ba suke fara magana. Amfanin abin ya fi komawa kan malam. Kafin a tashi ya gane wane ne ya cika takardarsa har gefe, wane ne ya yi ɗan ƙanƙanin abu a lungu ya rufe da hannu, wace ce ta goge sau biyar don tsoron kuskure. Jarrabawar farkon zango ba ta nuna wannan. Yaron da ke ɓoye zanensa shi ne gobe zai san amsa ya ƙi ɗaga hannu, kuma gara a san shi tun a Satumba da a gano shi a Yuli.

Kwana huɗu bayanta, 19 ga Satumba, sai wata rana da babu komai a asalinta sai shiririta: ranar kwaikwayon maganar 'yan fashin teku. Abokai biyu ne a jihar Oregon, John Baur da Mark Summers, suka ƙirƙiro ta a 1995 suna wasa, ta zauna tsakaninsu har 2002 lokacin da marubucin barkwanci Dave Barry ya yi rubutu a kanta a jarida. Yara kan ɗaure ido ɗaya, su yi hular takarda, su riƙa kumbura murya. Malami mai wayo yakan bar su su yi dariyarsu, sannan ya fito da taswirar harabar makaranta wadda aka raba gida-gida, ya ce an binne dukiya. Kafin ka samu alama ta gaba sai ka warware lissafi, ka san gabas da yamma, ka ƙirga taku ashirin arewa da bishiya. Yara na ganin farauta suke yi, alhali darasin taswira da ma'auni ne. A nan dai zan ce a yi hattara. Ga yaron Amurka ɗan fashin teku mutumin tatsuniya ne da ya mutu shekaru ɗari uku da suka wuce. A wurare da yawa na ƙasarmu kalmar fashi ba abin wasa ba ce, akwai yaran da suka kwana a daji saboda ita. Wanda zai ara, ya ɗauki taswirar ya bar ɗan fashin. Gizo ma ya isa ya binne dukiya.

Akwai 13 ga Agusta, ranar bahagwai, wadda aka fara a 1976. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne. Aikin ranar shi ne kowa ya rubuta sunansa, ya yanka takarda da almakashi, ya jefa ƙwallo da hannun da bai saba ba. Minti goma sun isa na-dama ya gane abin da ɗan'uwansa ke sha kullum: almakashin da aka ƙera don dama, da tawadar da gefen hannu ke shafewa idan ana rubutun boko daga hagu zuwa dama. Mu da muka tashi muna ganin ana bugun hannun yaro don ya riƙe fensir da hagu, wannan darasi namu ne. Koya wa yaro cin abinci da miƙa abu da dama tarbiyya ce da addini da al'ada suka tanada, ba a jayayya a kai. Riƙon alƙalami kuwa wani abu ne daban.

Sauran sai a bi su da sauri. Lahadin da ke bin Ranar Ma'aikata ita ce Ranar Kakanni, wadda wata mata daga West Virginia, Marian McQuade, ta yi ta fafutuka a kai har Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978. Ana tura yara su yi wa kaka tambayoyi kan yarintarta, su rubuto. Ranar 17 ga Satumba ta tsarin mulki ce, don a ranar aka sa masa hannu a Philadelphia a 1787, kuma tun 2004 doka ta wajabta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta koyar da wani abu a kansa. Malaman ƙananan azuzuwa sukan sa yara su tsara dokokin ajinsu da kansu, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a, kowa ya sa hannu. Dokar da yaro ya sa wa hannu ta fi wuyar karyawa a kan wadda ya tarar a bango. Ranar 26 kuma ta John Chapman ce, mutumin da aka haifa a 1774 ya yi ta kafa gandun dashen tuffa a Ohio da Indiana. A ranar ana yanka tuffa, a ƙirga 'ya'yan ciki, a ɗanɗana iri-iri, a zana jadawalin wanda aka fi so. A ranar zaman lafiya ta duniya, 21 ga Satumba, yara na yin farfelar takarda su rubuta fatansu a jiki su kafa a fili, al'adar da wasu malaman zane biyu suka fara a Florida a 2005.

Ba duka ne abin yabo ba. Da yawa daga cikin ranakun nan talla ce aka yi wa rawani: ranar wannan alewa, ranar wancan abin sha. Akwai kuma ajin da za a shafe yini ana yanka takarda mai launi ana ɗaukar hoto don iyaye su gani a waya, a tashi babu abin da ya shiga kan kowa. Ga tsada, domin malaman Amurka da yawa daga aljihunsu suke sayen kayan. Gwajin da nake ganin ya dace guda ne: a cire sunan ranar da kwalliyarta, a duba ko akwai sauran darasi. Idan babu, biki aka yi.

To mu fa? Makarantun Najeriya ma a Satumba suke buɗe sabuwar shekara, na Nijar kuma galibi a Oktoba, lokacin da damina ke naɗe tabarma, kaka na leƙowa. Ajin da ke da yara tamanin da allo guda ba zai sayi fenti ba, amma ɗigo ba ya bukatar fiye da gawayi da bayan kwali. Ranar yaƙi da jahilci ta duniya, 8 ga Satumba, wadda UNESCO ta ayyana a 1966, tamu ce kamar yadda take ta kowa: 'yan aji shida su sauko su karanta wa 'yan aji ɗaya. Ranar Hausa, 26 ga Agusta, wadda aka fara a 2015 a kafafen sada zumunta, tana faɗowa ana hutu, amma babu abin da ya hana a ba yara aikin tattaro karin magana biyar da kacici-kacici uku daga bakin kakanninsu, su kawo a makon farko. Nan an haɗa ta da Ranar Kakanni ba tare da an aro komai ba.

Akwai kuma wata rana da ba wanda ya ƙirƙira ta, ba kuma wanda zai sayar maka da komai dominta. Wajen 22 ko 23 ga Satumba rana takan tsaya daidai kan layin da ya raba duniya biyu, dare da yini su kusan yin daidai a ko'ina. A samu sanda mai tsawon mita ɗaya, a kafa ta a miƙe a shimfiɗaɗɗen fili. Daga ƙarfe sha ɗaya da rabi yara su riƙa sa tsakuwa a bakin inuwar duk bayan minti goma. Inuwar za ta yi ta raguwa, ta tsaya, ta fara ƙaruwa. Wannan tsayawar ita ce zawali, wadda malaman zaure suka daɗe suna duba ta don sanin shigar azahar. A Kano takan zo bayan sha biyu da kusan minti ashirin. A auna inuwar a daidai lokacin. A Kano za a samu kusan santimita 21, tana nuna arewa. A Abuja kusan 16, a Agadas kusan 30, a New York kuwa kusan 86.

Bambancin ba banza ba ne. Idan aka zana sandar da inuwarta a takarda aka auna kusurwar da ke saman sandar, a Kano za a ga digiri 12, wanda shi ne nisan birnin daga layin nan da ya raba duniya biyu. Kowane digiri kusan kilomita 111 ne. Makarantu biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, idan malamansu suka yi waya suka faɗa wa juna abin da suka auna, suka kuma san nisan da ke tsakaninsu, 'yan aji shida za su iya lissafa girman duniya gaba ɗaya, kamar yadda Eratosthenes ya yi a Iskandariya ta Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, da inuwa da nisan da ke tsakanin garinsa da Aswan. Idan hadari ya rufe rana a ranar, a sake washegari; kwana ɗaya ko biyu ba sa canza awon sosai.