Gyaran Takardar Sallamar Tsohon Soja a Amurka: Batun Lambobin Yabon da Suka Salwanta

Gabatarwa

Hausawa kan ce yabon gwani ya zama dole. To amma a aikin soja, yabon da bai shiga takarda ba tamkar ba a yi shi ba ne, domin hukuma ba ta aiki da abin da aka ji a baki, sai abin da aka gani a rubuce. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda tsohon soja a ƙasar Amurka yake bi a gyara masa takardar sallamarsa idan aka tsallake wata lambar yabo da ya cancanta. Za a duba ita kanta takardar, da dalilan da kan sa lamba ta salwanta, da asarar da hakan ke jawowa, sa'an nan matakan gyara.

Takardar Sallama

Tun daga ranar 1 ga Janairu, 1950, duk sojan Amurka da ya gama aiki ana ba shi wata takarda da aka fi sani da DD 214. Kafin wannan lokaci kowace runduna da irin tata takardar. A cikinta ake rubuta sunan soja, da muƙaminsa, da ranar shigarsa da ta fitarsa, da sana'ar da ya yi a cikin soja, da irin sallamar da aka yi masa, watau ko ta mutunci ce ko akasin haka. Akwai kuma gurbi na musamman, wanda shi ne na 13 a bugun da aka daɗe ana amfani da shi, inda ake jera lambobin yabo da na yaƙe-yaƙen da ya halarta. Wannan takarda ita ɗan mazan jiya yake nunawa a asibitin tsofaffin sojoji, da wurin neman aiki, da wurin neman kuɗin karatu. Ranar da ya rasu ma ita iyalinsa za su gabatar kafin a yi masa jana'izar soja.

Dalilan Salwantar Lamba

Dalili na farko shi ne kuskuren akawu. Akawun da ke cika takardar yana kwafar abin da ya tarar a fayil ne kawai. Idan odar ba da lambar ba ta iso fayil ba kafin ranar sallama, ba za ta shiga ba. Wannan ya faru ƙwarai a yaƙin Biyetnam, inda sojan ƙasa kan yi shekara ɗaya ya komo gida shi kaɗai, ya bar bataliyarsa a can tare da takardunta. Matashin da ke ɗokin ganin gida kuwa ba safai yake tsayawa karanta abin da ya sa wa hannu ba.

Dalili na biyu shi ne, akwai lambobin da ba a ƙirƙiro su ba sai bayan soja ya daɗe da tuɓe kaki, amma doka ta ce su haɗa da mutanen baya. Alal misali, lambar fursunonin yaƙi an kafa ta a 1985, amma ta koma baya har zuwa watan Afrilu na 1917. Lambar tsaron Koriya an kafa ta a 2002, ta kuma shafi duk wanda ya yi aiki a can tun daga 28 ga Yuli, 1954. Haka nan gwamnatin Koriya ta Kudu ta miƙa wata lamba ga sojojin da suka yi mata yaƙi tun a 1951, amma Amurka ba ta amince sojojinta su karɓa ba sai a 1999. A 1947 kuma aka yanke cewa duk wanda ya sami bajon gwagwarmayar dakarun ƙasa a Yaƙin Duniya na Biyu ya cancanci lambar Bronze Star, alhali a lokacin an riga an sallami yawancinsu.

Dalili na uku shi ne lambobin da ake ba rukuni dungurungum, waɗanda sanarwarsu kan fito bayan shekaru. A 1974 ne rundunar mayaƙan ƙasa ta tabbatar da wata lambar jaruntaka ta gwamnatin Biyetnam ta Kudu ga rukunoninta da suka yi aiki a ƙasar tsakanin 1962 da 1973. Wanda aka sallama a 1968 ba yadda za a yi ya gan ta a takardarsa.

Dalili na huɗu, wanda ya fi sauran ɗaci, shi ne wariyar launin fata. Har aka gama Yaƙin Duniya na Biyu babu baƙar fata ko ɗaya cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi da aka ba Medal of Honor, wadda ita ce lamba mafi girma a ƙasar. Sai bayan wani bincike da Jami'ar Shaw ta gudanar ne Shugaba Clinton ya ba mutum bakwai wannan lamba a watan Janairu na 1997, kuma a cikinsu Vernon Baker ne kaɗai yake da rai. Henry Johnson, wanda ya yi artabu da Jamusawa a Faransa a 1918, Faransawa sun yaba masa tun a lokacin, amma ƙasarsa ba ta ba shi Medal of Honor ba sai a 2015, alhali ya rasu tun 1929.

Abin da Ake Asara

Mai kallo daga nesa zai iya cewa ai lamba ƙarfe ce da ƙyalle. Ba haka abin yake ba, domin doka ta rataya haƙƙoƙi masu yawa a kanta. Lambar Purple Heart, wadda ake ba wanda abokan gaba suka raunata, tana ɗaga matsayin mai ita a jerin masu neman magani a asibitocin tsofaffin sojoji, tana ƙara masa maki goma a neman aikin gwamnatin tarayya, tana kuma ba shi damar a binne shi a maƙabartar Arlington. Lambar halartar wani yaƙi kan ba da maki biyar. Har ila yau, wanda ke neman diyya saboda taɓuwar hankali da firgicin yaƙi ya jawo masa, lambar gwagwarmaya da ke takardarsa ita ce shaidar cewa lalle ya shiga fagen daga, ba sai an ce ya kawo wata hujja a kan abin da ya gani ba.

Akwai kuma batun mutunci. Dokar 2013 ta mai da shi laifi mutum ya yi ƙaryar samun wasu manyan lambobi don ya ci wata riba. Tsohon sojan da ya rataya lambar da ba ta cikin takardarsa yana iya shan zargi ko da gaskiyarsa. Labarin Admiral Jeremy Boorda, babban hafsan mayaƙan ruwa, ya isa misali. A 1996 ya kashe kansa a daidai lokacin da 'yan jarida ke shirin yi masa tambaya a kan wasu ƙananan alamun gwagwarmaya biyu da ya taɓa sawa. Iyalinsa sun nemi a gyara fayil ɗinsa, amma a 1999 hukumar gyara ta ƙi amincewa. Wannan ya nuna cewa girman muƙami ba ya maye gurbin hujja.

Matakan Gyara

Mataki na farko shi ne neman fayil. Ana ajiye fayilolin yawancin tsofaffin sojoji a wata babbar cibiya da ke Sen Luwis ta jihar Misuri, kuma ana nemansu ta hanyar cika fom mai lamba SF 180 ko ta intanet. Idan mai fayil ya rasu, magadansa na kusa suna iya nema. Bayan shekara 62 da sallama, fayil ya zama na tarihi, kowa yana iya dubawa.

Mataki na biyu ya danganta da irin matsalar. Idan odar ba da lambar tana nan, ko kuma kwanakin aiki sun nuna a fili cewa mutum ya cancanta, to sai a rubuta wa ofishin kula da ma'aikata na rundunar da ya yi wa aiki. Na mayaƙan ƙasa yana Fort Knox ta jihar Kentaki. Idan suka gamsu, sai su ba da takardar gyara mai suna DD 215 wadda ake liƙawa a jikin ta asali, ko kuma su buga sabuwar DD 214.

Idan aka ƙi, sai mataki na uku, watau hukumar gyaran fayilolin soja. Kafin 1946, wanda aka zalunta a fayil ba shi da mafita sai Majalisar Dokoki ta yi doka da sunansa shi kaɗai. Da nauyin ya yi wa Majalisa yawa bayan yaƙi, sai ta ba kowace runduna ikon kafa hukumar farar hula mai gyara kuskure ko kawar da zalunci. Ana shigar da ƙorafi ne da fom DD 149 cikin shekara uku daga ranar da aka gano kuskuren, amma hukumar tana da ikon yafe jinkiri idan adalci ya bukaci haka. Wajibi ne a lura da cewa hukumar tana ɗauka abin da ke rubuce daidai ne har sai an nuna akasinsa, kuma ba ita za ta nemo wa mai ƙorafi hujja ba. Saboda haka ya kamata ya faɗi ainihin lambar da yake nema, ya haɗa da kwafin oda, da rahoton asibiti, da rahoton rukuninsa, da rantsuwar waɗanda suka gani da idonsu. Mai neman Purple Heart sai ya nuna abu uku: abokan gaba ne suka jawo raunin, raunin ya bukaci kulawar likita, kuma an rubuta kulawar a takardun hukuma. Yawancin ƙararraki a kan takarda ake yanke su ba tare da an ga mai ƙara ba. Doka ta tanadi a gama kashi 90 cikin 100 a wata goma, sauran kuma kada su wuce wata 18. Wanda bai gamsu ba yana iya neman a sake dubawa idan ya sami sabuwar hujja, ko ya garzaya kotun tarayya.

Lambar jaruntaka wadda ba a taɓa ba da shawarar bayar da ita ba tun farko, hanyarta dabam ce. Tun da wa'adin shawarar ya wuce, sai an bi ta hannun ɗan Majalisa, shi zai miƙa wa rundunar ta auna cancanta. Kada kuma a rikita hukumar gyara da hukumar sake duba irin sallama, wadda ke amfani da fom DD 293, wa'adinta kuma shekara 15 ne.

Gobarar 1973

Babban cikas ga mutanen dauri shi ne gobarar da ta tashi a cibiyar Sen Luwis ranar 12 ga Yuli, 1973. Ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 da miliyan 18. Kimanin kashi 80 cikin 100 na fayilolin mayaƙan ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960 sun ƙone, haka nan wajen kashi 75 na wani ɓangaren mayaƙan sama da aka sallama tsakanin 1947 da 1964. Ba a taɓa yin kwafinsu ba, babu kuma cikakken jerin abin da ke ciki. An tsamo fayiloli kusan miliyan shida da rabi da suka babbake ko suka jiƙe. Sauran kuwa sai dai a harhaɗo tarihin mutum daga takardun albashi, da rahoton safiya da kowane kamfanin soja ke rubutawa kullum, da rajistar asibiti. A irin wannan hali, wata tsohuwar wasiƙa ko yankin jarida da iyali suka adana a akwati kan zama ita ce mabuɗin da za a bi a gano odar da ta ɓata.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ƙofar gyara a buɗe take, amma nauyin hujja yana wuyan mai nema, kuma kullum shekaru suka ƙaru shaidu raguwa suke yi. Tun ran gini ran zane: sojan da ya karanta takardarsa layi-layi kafin ya sa hannu, ya kuma adana kwafin kowace oda da aka ba shi, ya hutar da kansa da magadansa wahalar shekaru. Wanda ya riga ya makara kuwa, gara ya fara neman fayil ɗinsa tun abokan yaƙinsa suna da ran da za su yi masa shaida.