Hunturu da sandunan golf: Ba sanyi ne abin tsoro a Bauchi ba

Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, masu buga golf a Bauchi kan shiga zullumi: shin sanyin asuba zai lalata sandunan da suka saya da tsada?

Sanyin Bauchi bai kai ya karya ƙarfe ba. Ko a Turai, daskararriyar ƙasa ce ta fi yin ɓarna. A nan kuwa, fili ne ke ƙeƙashewa, har dukansa ya lanƙwasa sanda, busasshiyar iska kuma ta tsattsage robar mariƙinta.

Babban haɗarin sai Maris da Afrilu: idan aka bar sanda a but ɗin mota, zafi kan sassauta gam ɗin da ke riƙe da kanta. Maganin dai a goge ƙura, a ajiye ta a ɗaki.