Wurin Zama a Makewayi: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, gama su ne mutane su kan nemi shawararsu in za a gyara gida, ko masallaci, ko masaukin baƙi. Tun daga gyaran mulki na 1976 gine-ginen jama'a suna hannun ƙananan hukumomi, amma har yanzu magini yana jin maganar hakimi, kuma abin da aka gani a gidan hakimi shi dagatai da masu unguwa su kan kwaikwaya. Maganar kuwa ƙarama ce a ido, watau wurin da mutum zai zauna sa'ad da ya ke wanka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum wajen 684,000 su ke mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. A cikin gida da wuya a sami inda ya kai makewayi santsi, domin nan ruwa da sabulu da gansakuka su ke haɗuwa bisa daɓen siminti. Dattijo ya kan ɗaga ƙafa guda zai cuɗa, ɗayar ta zame. In ƙashin ƙugu ya karye, sai kwanciya ta wata da watanni, daga nan gyambon kwanciya da ciwon huhu su biyo baya, da yawa kuwa ba su sake tashi. Mai tsohon ciki, da mai jego, da mai shan inna, da wanda ya tashi daga jinya, duk haɗarinsu ɗaya ne da na tsoho.

Ba a rasa abin zama a makewayinmu ba tun dā. Akwai kujera 'yar tsugunno, akwai dutse, akwai tsohon turmi da a kan kife. Aibin 'yar tsugunno shi ne gajarta: ba ta wuce taƙi guda ba, mai ciwon gwiwa kuwa zama a kanta ba ya yi masa wuya kamar tashi. Wurin yunƙurin tashi ne akasari a ke faɗuwa, ga jiki da kumfa, ga hannu babu abin kamawa.

Awon da ya dace

A Amurka, inda aka kafa dokar naƙasassu a 1990, ƙa'idar gini ta ce tsayin wurin zama na wanka ya kasance inci 17 zuwa 19 daga daɓe, watau santimita 43 zuwa 48, faɗinsa daga bango zuwa baki inci 15 zuwa 16, kuma ya iya ɗaukar nauyin kilo 113. Wannan awo yana da kyau a riƙe shi, amma mutane ba tsayinsu ɗaya ba. In gidan mutum ne, hanya mafi sauƙi ita ce a zaunar da mai wurin bisa bulo, a riƙa ƙara katako a kai, har tafin ƙafarsa ya zauna daram a ƙasa, gwiwarsa ta yi daidai da ƙugunsa ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan. Sa'an nan a auna, malami ya rubuta awon ya ba magini a takarda. Awon baka ya kan canja tsakanin zaure da cikin gida.

Iri uku ne a ke zaɓa a ciki. Na fari kujera ce mai ɗaukuwa, ta katako ko ta roba. Ita ta fi araha, kuma ta isa ga wanda jinyarsa ta ɗan lokaci ce. In ta katako ce, sai a nemi icen da ba ya jin ruwa ko gara, kamar ƙirya wadda a ke sassaƙa taɓarya da ita, ko maɗaci, ko loko, a bar 'yan ramuka a samanta don ruwa ya wuce, a sa wa ƙafafunta roba ta tsohuwar taya. Farar kujerar roba ta taron biki ba ta dace ba ko kaɗan. Ƙafafunta su kan baje bisa jiƙaƙƙen siminti, rana tana busar da ita har ta tsage ba labari, tafasasshen ruwan wankan jego kuma yana sa ta laushi.

Na biyu shi ne wanda a ke kafewa a bango, a naɗe shi in an gama. Ya dace da ƙaramin banɗaki na cikin ɗaki mai shawa, inda wuri ya ƙure. Amma dukan nauyin mutum bango ne zai ɗauka, saboda haka sai an san bangon. Bangon ƙasa ba ya riƙe shi, ko da an yi masa shafen siminti. Bulo mai rami ma ba ya riƙe ƙusa yadda ya kamata, sai an fasa ramukan da ke daidai wurin an cika su da kankare, an bar shi ya kama, kana a huda a ɗaure da noti wanda ba ya tsatsa. Kafin a huda, lalle a tambayi mai gyaran famfo da mai wuta inda bututu da waya suka bi. In an sami irin mai ƙafafu biyu da ke sauka ƙasa in an buɗe shi, ya fi aminci.

Na uku shi ne dakali, kuma shi ya fi dacewa da yawancin gidajen ƙasar nan, domin kowane magini ya san ginin dakali, ba shi da abin da zai yi tsatsa, nauyinsa kuma ƙasa ke ɗauka. Sai dai a nan akwai kashedi babba. A gidaje da yawa wurin wanka da masai shinge ɗaya su ke, ramin masai kuwa an rufe shi ne da azara da ƙasa, ko da siririn kankare. Ruwan wanka na shekaru yana cin wannan rufi ta ƙarƙashi ba a gani. Wanda ya ɗora masa dakalin bulo da siminti, ya ƙara da nauyin mutum, ya jawo rushewa. Tilas a fara sanin iyakar ramin, a gina dakalin nesa da bakinsa, bisa ƙasa mai ƙarfi, a kuma juya magudanar ruwan wanka ta fita ta rariya, kada ta koma cikin masai.

Yadda a ke ginin dakalin

Lokacin yanke shawara shi ne kafin a yi daɓe da shafe, ko kafin a manna tayil. Wanda ya bari sai an gama, zai biya kuɗin fasawa da na gyara. A haƙa ɗan tushe, a zuba kankare, kwano guda na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A jera bulo a kai, a cika ramukansa, a shafe da siminti guda yashi uku. Saman dakalin kada ya kwanta sosai: a karkata shi zuwa gaba kamar rubu'in inci a kowace ƙafa guda, don ruwa ya gangara daɓe maimakon ya kwanta a jikin bango. Wannan mahaɗa ta dakali da bango ita ce inda aiki ya kan ɓaci. In ta tsage, ruwa ya shiga bangon ƙasa yana jiƙa gindinsa rani da damina, ran da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya zube. A cike ta da kyau, a lanƙwasa shafen ya hau bango kamar taƙi guda. Bakin dakalin a dadashe shi, kada a bar kaifi, gama fatar tsoho ba ta da wuyar yagewa.

Magina suna son goge siminti har ya yi sheƙi, domin mai gida ya yaba. A daɓen wanka wannan sheƙi shi ne santsin. A ce masa ya bi daɓen da tsintsiya tun yana ɗanye. In tayil za a sa, a zaɓi mai kaushi, a jiƙa shi a taka a gani tun a kasuwa. Bayan an gama a riƙa yayyafa wa aikin ruwa kwana 7, kada a hau. Ƙarfin siminti ba ya cika sai wajen kwana 28.

Wurin zama ba ya cika sai da abin kamawa. Bututun ƙarfe mai kaurin inci 1¼ ya isa, a kafa shi a gefen mai zama, inci 33 zuwa 36 daga daɓe, da ratar inci 1½ tsakaninsa da bango yadda yatsu za su shiga amma hannu ba zai zurma ba. In bangon na ƙasa ne, a kafa bututun a daɓe cikin kankare. Kan famfo da ƙusar rataye tufafi ba abin kamawa ba ne. A lura kuma mai zama ya iya kai hannu ga famfo, ko ga bokiti da moɗa, ba tare da ya miƙe ba, ƙofa kuma ta buɗe waje, domin wanda ya faɗi a bayan ƙofa jikinsa ya kan tokare ta.

Game da wuraren jama'a, dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda naƙasassu za su iya amfani da su, wa'adin kuwa ya cika. In za a gyara banɗakin asibiti, ko na kasuwa, ko na masallacin Juma'a, hakimi yana da hujjar da zai tuna wa ƙaramar hukuma, malami kuma ya sa awon nan cikin wasiƙar.

Kafin a biya magini cikon kuɗinsa, a gwada aikin. Buhun siminti kilo 50 ne. A ɗora uku a kan wurin zaman su kwana, da safe a duba ko akwai tsagewa ko noti ya saki. Sa'an nan ƙaƙƙarfan saurayi ya kama bututun ya ja da iyakar ƙarfinsa, a kwara bokitin ruwa a ga inda ya bi. In duk sun yi daidai, a shigo da dattijo.