Kurar Jan Kayak da Kayan Tsira: Ina Ya Kamata Kuɗin Su Fara Zuwa?

Kayak wani siririn kwale-kwale ne na mutum ɗaya, wani lokaci biyu, da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, a tsoma dama a tsoma hagu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da danginsu mazauna ƙasashen ƙanƙara, wato Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda kan ɗinka fatar dabbobin teku a jikin ƙirar itace su fita farauta. Turawa ne suka mayar da shi abin shaƙatawa. A 1865 wani ɗan Sikotlan mai suna John MacGregor ya ratsa kogunan Turai cikin ɗan jirginsa Rob Roy, labarin tafiyar ya ja hankalin jama'a, kuma a 1936 tseren irin waɗannan jirage ya shiga gasar Olamfik a Balin. Daga shekarun 1970, da aka fara zuba shi da roba, farashinsa ya sauko har ma'aikaci mai matsakaicin albashi a Amurka ko Ingila ya iya ajiye nasa a gareji. Ko a Najeriya ana samun masu ba da hayarsa a Legas da tafkin Jabi na Abuja.

To amma robar ta zo da nauyinta. Kayak na yawon shan iska yakan kai kilo 20 zuwa 30, na masu kamun kifi kuwa yakan haura 40, ga tsawon mita uku zuwa biyar. Ɗaukarsa daga mota zuwa bakin ruwa aiki ne, jansa a ƙasa kuma yana cinye gindinsa. Shi ya sa aka ƙera masa 'yar kura mai taya biyu.

Kurar iri biyu ce ta fi yawa a kasuwa. Akwai wadda ake ɗora jirgin a kanta a ɗaure da maɗauri, akwai kuma mai sanduna biyu a tsaye da ake zurawa cikin ramukan zubar da ruwa na kayak ɗin da ake zama a samansa. Ta biyun ta fi saurin haɗawa, shi ya sa take shiga ran sabon shiga, sai dai duk nauyin jirgin yana komawa kan waɗannan ramuka ne, kuma nan robar ta fi rauni. Tafiya a hanya mai gargada na iya sa wurin ya tsage, ruwa ya riƙa tsiyaya ciki ba a sani ba. Ni dai ta ɗaurawa zan ba mutum shawara ya saya, ya kuma sa ta kusa da tsakiyar jirgin, don idan ta koma can wutsiya rabin nauyin yana hannunsa.

Taya ita ce abin dubawa, kuma ƙasar da za a bi ce ke zaɓenta. A kan kwalta ko tsandauri, ƙaramar tayar roba marar iska ta wadatar, ba ta faci ba ta sacewa. A cikin rairayi kuwa siririyar taya nutsewa take yi, sai mai faɗi, irin kumburarriyar nan mai ƙarancin iska, wadda ita ce mafi tsada. Wanda ba bakin teku yake zuwa ba, ba shi da dalilin biyan kuɗinta. Sai a duba ƙarfen: alminiyam ko ƙarfen da ba ya tsatsa, musamman inda ruwan gishiri ne. A duba nauyin da aka rubuta za ta iya ɗauka, a tuna cewa ba jirgin kaɗai za ta ja ba, har da abinci da ruwan sha da kayan su. Idan tana naɗewa ta shiga cikin jirgin, madalla, ba sai an koma ajiye ta a mota ba.

Gaskiyar magana, kura ba abin kashe wa kuɗi ba ce. Masu kayak da yawa a Amurka da bututun roba na famfo da sandar ƙarfe da tayoyin tsohon injin yanke ciyawa suke haɗa tasu. Duk mai walda da ya iya gyaran baro zai haɗa irinta cikin yini guda. Idan ta karye, iyakarta ka saɓa jirgi a kafaɗa ka yi gumi. Rigar kariya daga nutsewa kuwa, ranar da ta gaza ba a samun damar sake sayen wata.

A nan ne araha ba ta ado. Rahoton da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ke fitarwa duk shekara yana maimaita abu guda: cikin waɗanda suka nutse a haɗarin jiragen shaƙatawa, fiye da kashi 80 cikin ɗari ba sa sanye da rigar. Sau da yawa tana cikin jirgin, an cusa ta a bayan kujera saboda zafi ko takura. Alhali kayak cikin ƙiftawar ido yake kifewa, kuma wanda ya riga ya faɗa ruwa, yana riƙe da filafili, iska na jan jirginsa, da wuya ya iya sa riga. Saboda haka rigar da ta fi kyau ita ce wadda mutum zai jure zama da ita tun daga shiga har fita. Ta masu tuƙi gajera ce, hammatarta a buɗe, don kada ta goge hannu.

Akwai lamba a jikin riga ta gaskiya. A ma'aunin duniya na ISO 12402 matakai huɗu ne: 50 da 100 da 150 da 275, gwargwadon ƙarfin da rigar ke ɗaga mutum da shi. Mai 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yake kusa da gaɓa, ita mafi yawan masu kayak ke sawa. Mai 150 an yi ta ne don ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. Wanda bai iya ruwa ba, ko yaro, kada a tsaya masa a kan 50. Rigar da ba ta da kowace lamba ko tambarin hukuma, komai kyan launinta, a bar wa mai ita. Gwajinta ma ba wuya: a sa, a ɗaure duk maɗauran, wani ya kama kafaɗun ya ja sama. Idan ta taso har kunne, a ruwa ma haka za ta yi, ta bar baki da hanci a ƙasa. In ta gwanjo ce, a matsa soson ciki. Wanda ya taurare ko yake marmashewa ya gama aiki.

A ƙasashen sanyi akwai wani makashin da riga kaɗai ba ta isa ba. Ruwa yana zuƙe zafin jiki ninki kusan 25 fiye da iska. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da lissafin 1-10-1: minti ɗaya na farko mutum ya shawo kan numfashinsa da ke fizga, minti goma kafin hannuwa su daina biyayya, sa'a ɗaya kafin sanyi ya sumar da shi. Ɗalibanmu da ke Ingila ko Kanada su lura, ranar da gari ya yi daɗi a farkon bazara ruwan yana nan da sanyinsa na hunturu. Shigar da za a yi ta ruwan ce, ba ta garin ba.

Sauran kayan ba su da tsada. Usur a ɗaure a jikin riga, marar ƙwallo a ciki, irin Fox 40 da aka fito da shi a Kanada a 1987, don mai ƙwallo yakan shaƙe idan ya jiƙe. Tocila mai farin haske ko da ba a yi niyyar kai dare ba. Waya cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a jikin mutum, ba a cikin jirgi ba. Abin kwarfe ruwa, ko da yankakkiyar jarka ce da soso. Igiyar ɗaure filafili tana da amfani a tafki, amma a kogi mai gudu tana iya harɗe mai ita. Hular kwano sai inda duwatsu suke. Sannan abin da ba a saye: a duba inda iska ta dosa, don wadda ke kaɗawa daga gaɓa zuwa tsakiyar ruwa tana kai mutum da sauƙi ta hana shi dawowa, a nisanci ƙasan madatsar ruwa inda ruwa ke juyawa, a faɗa wa wani inda za a je da lokacin dawowa.

Mai karatu a Yawuri ko Ayoru zai ce wannan wasan masu kuɗi ne, kuma kurar dai ba ta dame shi ba. Rigar fa? A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse da fasinjoji fiye da ɗari kusa da Warra a jihar Kebbi. A Nuwamban shekarar, madatsar Watari a Bagwai ta ci 'yan Islamiyya da ke kan hanyar Maulidi. A Yunin 2023 fiye da mutum ɗari masu dawowa daga biki suka rasu a Patigi. Lodi fiye da kima da tafiyar dare da rashin riga su ne ke ta dawowa a irin waɗannan labarai, har hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedikwata a Lakwaja ta ce ba riga, ba shiga jirgi. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, masuntan Argungu da gora suke shiga Matan Fada, ita ke riƙe su a saman ruwa. Bambancin kawai shi ne gora sai an riƙe ta, riga kuwa tana nan ko hannu ya mutu.

Wanda ya sayi rigarsa, ya fara gwada ta a ruwan da bai wuce ƙirji ba, da wani tsaye kusa. Ya kifar da jirgin da gangan, ya fito, ya koyi komawa ciki, ya maimaita har abin ya daina ba shi tsoro.