Jerin Matakan Gyara a Manhajar Sarrafa Hoto: Amfaninsa da Iyakarsa

Gabatarwa

Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Aikin gyaran hoto a kwamfuta ya saɓa wa wannan ƙa'ida, domin mai gyara yana iya warware abin da ya yi, ya koma inda ya fito. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wannan dabara take aiki da kuma inda ƙarfinta ya tsaya, musamman saboda 'yan'uwa ɗalibai da suke ɗaukar hotunan tsofaffin takardun ajami suna gyara su don nazari.

Ma'ana da Asali

Duk lokacin da mutum ya yi wani aiki a kan hoto, kamar yanke gefe, ko ƙara haske, ko goge tabo, manhaja takan ajiye kamannin hoton a wannan gaɓa. Kowace gaɓa ita ce za mu kira mataki, jerinsu kuwa shi ne tarihin gyara. Manhajar Photoshop, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1990, da farko mataki ɗaya tak take iya warwarewa. Sai a 1998, a fitowa ta 5, aka sa mata allon tarihi, inda ake ganin matakai a jere, mutum ya zaɓi wanda yake so ya koma. A da, matakai 20 manhajar take riƙewa in ba a umarce ta da ƙari ba, daga baya aka mai da su 50, kuma ana iya ƙara su har zuwa 1,000.

Dalilin Iyakancewa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a ajiye matakan duka? Amsa ita ce kowane mataki yana cin wuri. Alal misali, hoton da yake da ɗigo 6,000 a tsawo da 4,000 a faɗi yana ɗauke da ɗigo miliyan 24, kuma in kowane ɗigo ya ci bayit 3 na launi, hoton ya kai kimanin megabayit 72. Ƙaramar gogewa ba ta da nauyi, domin yankin da aka taɓa kaɗai ake ajiyewa. Amma aikin da ya shafi hoton baki ɗaya, in aka yi shi sau 50, lissafi zai kai megabayit 3,600. Saboda haka ne da zarar jeri ya cika, sai mataki mafi tsufa ya faɗi don sabo ya sami wuri, ba tare da an sanar da mai aiki ba.

Tarkuna Uku

Tarko na farko shi ne wanda aka ambata yanzu. Kowane jan buroshi mataki ne mai zaman kansa, don haka mai goge tabo yana iya cinye matakai 50 cikin 'yan mintoci. Na biyu, in mutum ya koma baya sannan ya yi sabon aiki, matakan da suke gaba sukan shafe, sai fa in ya riga ya kunna zaɓin da yake barin tarihi ya yi rassa. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne tarihin ba ya bin hoto zuwa ma'ajiya. Da an rufe fayil, jerin ya tafi ke nan, a Photoshop da GIMP baki ɗaya.

A nan ne al'amarin ya shafe mu kai tsaye. A rubutun ajami, ɗigo ne yake raba wasu haruffa masu siffa ɗaya. Harafin ya yana da ɗigo biyu a ƙasa, harafin ba kuwa ɗaya. Wato ke nan in ɗalibi ya ɗauki ɗigo ɗaya a matsayin tabon tawada ya goge shi, kalmar yara ta koma bara. Haka kuma ta takan koma nun, tasa ta zama nasa. In bai farga ba sai bayan ya ajiye a kan hoton asali ya rufe, to babu maɓallin da zai dawo da ɗigon, kuma duk wanda ya dogara da hoton nan gaba zai gaji kuskuren.

Hanyoyin Kariya

Da farko, a ware hoton asali a wuri dabam, a riƙa aiki da kwafe. Na biyu, a yi gyara a kan shimfiɗa, wato wani fili mai kama da gilashi da ake ɗorawa bisa hoto, wanda ya shigo Photoshop a 1994. Shimfiɗa tana bin fayil zuwa ma'ajiya muddin an ajiye shi da tsarin manhajar, amma tsarin JPEG yakan narkar da shimfiɗu su zama ɗaya. Na uku, kafin babban aiki a kafa zango, wato a umarci manhaja ta riƙe wani mataki da suna na musamman. Zango ba ya faɗuwa in jeri ya cika, sai dai shi ma yakan ɓace in an rufe fayil. Daɗin daɗawa, akwai manhajoji irin su Lightroom, wadda ta fito a 2007, da ba sa taɓa hoton asali, sai dai su rubuta umarnin gyara a kundi dabam, tarihin kuma ya ɗore ko bayan an rufe.

Kammalawa

A taƙaice, tarihin gyara tunani ne na ɗan lokaci, ba kundin ajiya ba ne. Yana da amfani wajen gyara tuntuɓen da aka yi yanzu, amma bai isa a ba shi amanar takardar da ta shekara ɗari ba. Ya kamata ɗalibi ya riƙa miƙa wa malaminsa hoton asali tare da wanda ya gyara, ya kuma rubuta irin gyaran da ya yi, domin mai duba aikin ya iya tantance abin da marubuci ya rubuta da abin da hannun mai gyara ya canza.